Jar Fitila: Nawa Ne Kuɗin 'Da Na Sani'?

MAI karatu, bari in fara da yi maka wata tambaya. Sau nawa ka taɓa zama kana kallon fim, jarumin ya kama hanyar da kai ka san halaka ce, ka ji kamar ka faɗa cikin akwatin ka riƙo rigarsa? Ko ke da ki ke karatun littafi, yarinyar ta ɗauki wasiƙar da bai kamata ta aika ba, ki kife littafin a cinya ki ce, "Wayyo, kar ki aika!" A zamanin kaset mu kan tariyo fim baya mu sake kallon wurin. To amma ko sau goma aka tariyo, abin da ya faru shi ne dai zai sake faruwa. Wanda ya mutu a minti na 40 zai sake mutuwa a minti na 40. Marubuci ya riga ya yanke hukunci, kai naka ido.

Akwai nau'in labari guda ɗaya da ya karya wannan doka, wato wasan kwamfuta, wanda yaranmu ke kira gem. A cikin gem kai ne jarumin, kuma an ba ka abin da ba a taɓa bai wa wani jarumin fim ba: kana iya adana inda ka tsaya, abin da 'yan gem ke cewa yin sebin. Idan ka yi gaba abu ya ɓaci, sai ka dawo daidai wurin da ka adana, duniyar ta koma yadda ta ke, mamaci ya tashi, kuɗin da ka ɓarnatar su dawo aljihu. A wayoyi da kwamfutocin yau wannan ba ya ɗaukar ko ƙiftawar ido. Wasu lokutan ma ba ka san an yi ba. Amma ba haka abin ya faro ba, kuma a kan wancan tsohon jinkirin na ke son mu ɗan yi tunani tare da kai.

Shekarun baya kaɗan wata tafiya ta kai ni Ingila, aka sauke ni a gidan wani Bature magidanci da ya haura shekara 50. A wani ɗan ɗaki na saman bene ya ajiye kwamfutar da mahaifinsa ya saya masa yana yaro, mai suna Commodore 64. Ba ajiyar tarihi ya yi mata ba, har yanzu aiki ta ke. Daren Asabar ya ce in zo in ga abu. Wasan da ya sa sunansa Pool of Radiance, na shekarar 1988, inda mutum ke jagorantar tawagar mayaƙa shida su ƙwato wani birni daga hannun dodanni. Ya yi kusan rabin awa yana fafatawa, sannan ya ce bari ya adana. Ya sa tawagar ta yada zango. Ya zare faifan wasan, irin baƙin filofin nan mai faɗi kamar faifan rufe ƙwarya, ya zura wani daban wanda ya rubuta wa suna da fensir, ya rufe bakin injin. Wata 'yar jar fitila ta kama. Injin ya shiga gurnani, ƙirrr, ƙat, ƙat, ƙirrr. Shi kuwa ya ɗauke hannuwansa daga kan madannai ya harɗe su a ƙirji, ya jingina.

Ni dai da na ga abin ya ƙi ƙarewa sai na laluba aljihu na ciro waya. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "Ko minti ɗaya ba ka iya jira ba, abokina." Na ji kunya, domin gaskiya ya faɗa.

Kafin mu shiga falsafa, ya kamata ka san dalilin wannan nawa, don labarin da kansa abin mamaki ne. An fito da Commodore 64 a 1982 a Amurka a kan dala 595, kuma ta yi kasuwar da ake ƙiyasta an sayar da tsakanin miliyan 12 da rabi zuwa miliyan 17. Ƙwaƙwalwarta kilobayit 64 ce kacal, daga nan ma ta samo sunanta. Da zarar ka kashe ta, duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar ya tafi. Don haka dole a kwashe shi zuwa waje, ko dai a kan kaset, irin dai kaset ɗin da mu ke sa wa rediyo mu ji waƙa, ko kuma a kan faifai ta hanyar wani inji mai lamba 1541. Kaset kan ɗauki kimanin bayit 50 a daƙiƙa guda. Injin faifan kuwa, wanda shi ne na masu hali, abin da ya ke iyawa bai wuce bayit 300 zuwa 400 ba. Don ka gane, ɗauki hoto guda ɗaya na wayarka mai nauyin megabayit 3. Da za a tura shi ta wannan inji, sai ka yi zaman sama da awa biyu, kuma sai ka tanadi fuskar faifai wajen 18, tunda kowace fuska kilobayit 170 ta ke ci.

Kar ka ce ai zamanin ne haka. A'a. Injin faifan kamfanin Apple wanda Steve Wozniak ya ƙera tun 1978 ya fi wannan sauri nesa ba kusa ba. Nawar 1541 gadon kurakurai ce, ɗaya bisa ɗaya. Tsofaffin kwamfutocin Commodore suna amfani da wata kakkaurar waya mai tura bayanai ta layi takwas lokaci guda. Wayar ta yi tsada kuma ta yi wuyar samu, sai shugaban kamfanin, Jack Tramiel, mutumin da ya yi suna wajen matse kuɗi, ya ce a nemo mai araha. Aka koma siririyar waya mai layi ɗaya, kamar a tashi titi mai hannu takwas a mayar da shi turbar ƙafa. Ko a hakan ma an shirya abin zai yi gudu, sai aka gano wata 'yar ƙwayar lantarki mai lamba 6522 da aka dogara da ita tana da lahani, ga shi lokacin fitar da kaya kasuwa ya matso. Aka yi dabarar tura bayanan ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Wannan a kan kwamfutar da ta gabaci tamu ne, VIC-20. Da aka zo kan Commodore 64 an sa ƙwaya mai lafiya, amma kamar yadda injiniyoyin suka ba da labari daga baya, a wajen buga allon cikin kwamfutar aka yi kuskuren cire layukan da za su ɗauki saurin, kuma kafin a farga an riga an buga masu yawa. Sannan ga ƙwayar da ke zana hoto a talbijin, wadda kan dakatar da ƙwaƙwalwar kwamfutar lokaci-lokaci don ta yi nata aikin. Dole aka ƙara rage gudun injin don kar saƙo ya zube a hanya. Ka ji yadda sabon inji ya fito ya fi tsohon nawa.

Shi kuma adanawa ya fi ɗaukowa wahala. Injin zai nemi gurbin da babu komai, ya rubuta, ya jira faifan ya zagayo ya karanta abin da ya rubuta don ya tabbatar, sannan allurar ta tafi layi na 18, inda rajistar faifan ta ke, ta shigar da bayanin. Wannan kai-komon shi ne gurnanin da na ji.

To, ga abin da ya faru a daren nan da ya sa na ke wannan rubutu. Bayan adanawar, mai masaukina ya ci gaba da wasa, ya shiga wani yaƙi da ya ci kusan awa guda. Ya yi nasara, amma ya yi wani ganganci a tsakiya, ya tura ɗaya daga cikin mayaƙansa gaba ita kaɗai, aka kashe ta. Kuma a dokar wasan, irin jinsinta ba a iya tayar da shi ko an kai gawar wurin masu magani. Na ce masa, "To ai sai ka koma inda ka adana." Ya yi shiru yana kallon allon. Ya ce komawa na nufin ya kashe kwamfutar, ya sake ɗora wasan tun daga farko, ya juya wani ɗan faifan takarda mai alamomi da kamfanin ya haɗo da shi don hana satar fasaha, ya canja faifai, ya sake canjawa, sannan ya sake yaƙin awa guda wanda ba shi da tabbacin zai kuma ci. "Ban da haka ma," in ji shi, "ni na tura ta." Ya zura faifan ajiya, jar fitila ta kama, ya adana wasan da mutum biyar.

Na kwana ina juya wannan kalma, ni na tura ta. Mutum ne da ya san sarai cewa babu wata mace a cikin akwatin nan, lambobi ne kawai. Amma ya ɗauki laifin ya rungume, ya ci gaba da tafiya da gurbin. Na tambayi kaina: da a ce komawa baya danna madanni ɗaya ne, zai faɗi haka? Ina shakka. Ni da kaina na san abin da na ke yi a waya. Tun daga wasan Doom na 1993 'yan gem suka saba da madannai biyu, ɗaya na adanawa nan take, ɗaya na komawa nan take. Kafin ka buɗe ƙofa, ka danna. Kafin ka yi wa wani magana, ka danna. Abu ya yi kyau ka wuce, bai yi ba ka dawo ka sake, har sai sa'a ta gaji ta ba ka abin da ka ke so. Turawa har sunan zagi suka raɗa wa mai wannan ɗabi'a, amma kusan kowa na yi a ɓoye.

Hausawa sun ce da na sani ƙeya ce, a baya ta ke. Abin da sebin ya yi shi ne ya ciro ta daga ƙeya ya dawo da ita goshi, ya mayar da ita hajar da ake saye. Abin da ya rage shi ne farashi. A kan tsohon injin nan, kuɗinta minti goma ne ko ashirin na zaman jira. A yau kyauta ce. Kuma ka san yadda ɗan Adam ya ke da kayan kyauta.

Bari in ba ka misalin da ya fi damuna. A 1985 wani matashi Ba'amurke, Richard Garriott, ya fito da wasa mai suna Ultima IV. Ya lura cewa a wasanninsa na baya mutane sata su ke yi da kisan bayin Allah don su yi ƙarfi da wuri, kuma wasan na saka masu da alheri. Sai ya ƙirƙiro wasan da babu wani babban mugu da za a kashe a ƙarshe. Aikinka shi ne ka gyara halinka ta fuskoki takwas, ciki har da gaskiya, tausayi, adalci, sadaukarwa da ƙanƙan da kai. A cikin wasan akwai makafin mata masu sayar da kayan haɗa magani. Za ta faɗa maka kuɗin kaya, kai za ka ƙirga ka ba ta. Kana iya ba ta ƙasa da abin da ta ce, ta karɓa, ba ta gani. Amma wasan na gani, yana rage maka makin gaskiya a ɓoye. Yanzu ga tambayar: mutum ya adana wasansa, ya shiga ya cuci makauniyar don ya ga me zai faru, ya gani, ya koma baya, ya sake shiga ya biya ta cif-cif. A lissafin kwamfuta, tsarkakakke ne, bai taɓa cutar kowa ba. A naka lissafin fa? Mai gaskiya ne?

Wannan tambaya ta girmi kwamfuta da shekaru fiye da 2,000. Aflatun, masanin falsafar nan na ƙasar Girka, ya kawo a littafinsa na Jamhuriya labarin wani makiyayi da ya tsinci zobe, wanda in ya juya shi sai ya ɓace wa idon mutane, layar zana kenan a wajenmu. Da ya tabbatar ba a ganinsa, sai ya shiga fada ya yaudari matar sarki, ya kashe sarkin, ya haye gadon. Mai kawo labarin so ya ke ya nuna cewa yawancinmu tsoron ido ne ke riƙe da mu, in aka ba mu zoben duk ɗaya mu ke. To sebin ya fi zoben nan ƙarfi. Mai zobe ya ɓuya wa mutane ne, amma sarkin da ya kashe ya mutu. Mai sebin kuwa har wa sakamakon aikinsa ya ke ɓuya. Ba shaida, ba gawa, ba wanda aka zalunta.

Ko kuwa akwai? Ku 'yan kallo za ku tuna fim ɗin Groundhog Day na 1993, inda Bill Murray ya fito a matsayin mai karanta hasashen yanayi da ya maƙale a rana guda, 2 ga Fabrairu, kullum ya farka ita ce dai. Da ya gane babu gobe, me ya fara yi? Ya saci jakar kuɗi, ya yaudari mata, ya ci ya sha kamar ba lissafi. Kowace safiya garin ya manta. Amma akwai mutum ɗaya da ba ya mantawa, wato shi kansa. Duk abin da ya aikata yana nan tare da shi, har rayuwar ta gundure shi ya nemi kashe kansa, nan ma ya farka da safe. A ganina a nan amsar tambayarmu ta ke. Wasa a wuri biyu ake adana shi, a faifai da kuma a cikin mai bugawa. Na faifan ne kaɗai ake iya mayarwa baya. Wanda ya cuci makauniya ya koma, ya goge rajistar kwamfuta, amma hannun da ya ƙirga kuɗin bai cika ba nasa ne, kuma hannun ya koyi yadda ake yi. Sau ɗaya ba komai ba ne, wasa ne. Abin da na ke tsoro shi ne sabo, a wayi gari zuciya ta ɗauka ko'ina akwai wurin komawa.

Ba na son in yi maka wa'azin da ban yi wa kaina ba. Tun da WhatsApp ya kawo damar goge saƙo daga ɓangarorin biyu a 2017, na lura hannuna ya ƙara sauri. Akwai daren da raina ya ɓaci na rubuta wa ƙanena wata magana mai zafi, na tura, bayan daƙiƙa kaɗan na goge. Washegari muka haɗu a gida, ya gaishe ni, "Yaya, ina kwana," amma bai ɗago ido ba. Ya riga ya karanta. A wayata babu saƙon, a tasa ma babu. Mun fi wata biyu kafin hira ta dawo daidai. Da a ce wasiƙa ce, sai na nemo takarda da ambulan da wanda zai kai, da kafin in gama fushin ya huce. Magana zarar bunu ce tun fil azal, illa dai yanzu an ba mu wani madanni da ke sa mu zaci ana iya mayar da bunun.

To amma tsaya, mai karatu. Kar ka ɗauka ina cikin masu cewa komai na da ya fi na yanzu. Ina da matsala da irin mutanen nan, waɗanda in sun tuna wahalar da suka sha sai su yi mata rawani su kira ta tarbiyya. Ka tuna abin da na faɗa maka: babu wani mai hikima da ya zauna ya ce bari a sa injin nan ya yi nawa don yara su koyi haƙuri. Matse kuɗi ne da gaggawar kasuwa da kuskuren ma'aikata. Kuma yaran wancan lokaci ba su ɗauki abin a matsayin ni'ima ba, tsine masa su ke yi. Shi ya sa wata 'yar na'ura mai suna Fast Load da kamfanin Epyx ya fitar a 1984, wadda ke ninka saurin ɗauko wasa kusan sau biyar, ta yi kasuwa sosai, ko da ya ke da yawa daga irin waɗannan na'urori ɗaukowa kawai su ke gaggautawa, adanawa na nan da nawarta. Injin faifan ma da farko kuɗinsa ya kusa dala 400, don haka ɗan talaka a Ingila kaset ya ke amfani da shi, ya jira minti goma ko fiye, a ƙarshe allon ya ce an samu kuskure, a sake. Wane darasi ke cikin wannan? Bugu da ƙari, injin 1541 na da wani sanannen aibi: in ka ce ya rubuta sabon abu a kan tsoho mai suna iri ɗaya, wani lokaci sai ya hargitsa rajistar faifan, aikin wata da watanni ya salwanta. Duk marubucin da aka taɓa ɗauke wa wuta yana tsakiyar buga babi bai adana ba, ya san cewa irin wannan asara ba ta gyara halin kowa. Ciwon kai kawai ta ke sawa.

Sannan ka yi tunanin uwar da ta samu minti 15 bayan yara sun yi barci, ko ma'aikacin da ke cikin mota. Adanawa nan take ita ta buɗe masu ƙofar wasa. Kuma ko fim ɗin da na ambata, ai ta hanyar maimaitawar ne mutumin ya koyi kaɗa piyano, ya san mutanen garin ɗaya bayan ɗaya, ya zama mutum. Wurin da za ka faɗi ba ka karye ba shi ne wurin koyo. Matuƙin jirgin sama a na'urar kwaikwayo ya ke fara faɗuwa, kuma ba wanda zai so a ce masa a'a, ya je ya koya da fasinja.

Saboda haka ba jinkirin kansa na ke yabo ba. Abin da ya sa na gane haka shi ne yadda masu ƙera wasanni, bayan injuna sun yi sauri, suka riƙa dawo da farashin da gangan. Tun a 1980 ma, wasan Rogue da wasu ɗaliban jami'a a Kalifoniya suka rubuta yana barinka ka adana don ka tafi ka dawo, amma da ka dawo sai ya goge ajiyar. In ka mutu, ka mutu kenan. A Resident Evil na 1996 sai ka samu keken rubutu da zaren tawada kafin ka adana, kuma zaren ƙidayayye ne. Wanda ya fi burge ni shi ne Dark Souls na 2011. Shi adanawa ya ke yi da kansa, kusan kowane motsi, cikin sauri, ta yadda in ka kashe wani bawan Allah bisa kuskure, kafin ka ce wayyo an riga an rubuta. Ka ga a nan saurin ne ya toshe hanyar komawa. Ashe ba tsakanin sauri da nawa rigimar ta ke ba. Tana kan ko aikinka zai tsaya a matsayin naka.

Marubuta sun daɗe da sanin wannan jarrabawa. Arthur Conan Doyle ya gaji da Sherlock Holmes ya jefa shi a kwazazzabon ruwa a 1893. Masu karatu suka yi ca, mawallafa suka zuba kuɗi, a 1903 ya dawo da shi da bayanin cewa ai dama bai faɗa ba. Sebin kenan na zamanin alƙalami. An ji daɗi, ban musa ba. Amma daga ranar, wa zai sake jin tsoro in Holmes ya shiga haɗari? Haka mu ke yi wa marubutanmu da daraktocinmu in mun matsa lallai sai an tashi wanda ya mutu a kashi na biyu, lallai sai masoyan sun yi aure. Muna samun abin da mu ke so, labarin kuma ya rage nauyi. Kukan da ki ka yi a kan littafin nan da ba ki manta ba, kin yi shi ne saboda kin san ba a tariyowa.

Abu biyu tsohon injin nan ya bayar ba da niyya ba. Na farko farashi, wanda ke sa ka auna ko kuskuren ya kai a koma, ko kuwa a ɗauke shi a tafi da shi. Na biyun ya fi laushi, kuma ban gan shi a sababbin wasannin ba. Tunda adanawa na cin lokaci, ba ka yi sai ka tsaya ka tambayi kanka: abin da na yi daga ɗazu zuwa yanzu, ya cancanci ajiya? A nan na ke so in riƙa farawa? Sannan na tsawon lokacin da jar fitilar ke ci, babu abin da za ka iya yi. Hannu ya sauka, ido na kan abin da ka aikata. Ban san wani wuri a rayuwata ta yau da ake tilasta mani irin wannan minti ɗayan ba.

Shi mai masaukina fa ba dole aka yi masa ba, kuma wannan ne ya sa ba zan kira abin da ya ke yi haƙuri ba. Haƙuri da abin da ba ka da iko a kansa ake yi. A aljihun teburinsa akwai wata 'yar na'ura da ke karɓar katin waya a madadin faifai. A kwamfutarsa ta aiki akwai manhajar VICE, wadda ke kwaikwayon Commodore 64 har da madannin da ke sa komai ya yi gudu kamar walƙiya, kuma tana daskarar da wasa a duk inda ka so ka dawo. Ya san su, yana amfani da su in yana son gwada wani abu. Amma wasan daren Asabar a kan tsohon injin ya ke yi. Na tambaye shi dalili, ina jiran dogon bayani. Ya ce a manhajar ya taɓa gama wasan ɗungurungum cikin kwana huɗu, ba wanda ya mutu, kuma yanzu ko sunan mayaƙan ba ya tunawa.

Na ce to ita wadda aka kashe ɗazu fa, ya sunanta? Ya faɗa mani. Sunan wata yarinya ce da suka yi firamare tare, wadda iyayenta suka yi ƙaura da ita bai sake jin labarinta ba. Duk mayaƙan shida sunayen 'yan ajinsu ne.

Ana cikin haka gurnanin ya tsaya, jar fitilar ta mutu. Ya buɗe bakin injin ya zaro faifan, ya ɗaga shi saitin haske yana duba ko ya fara fumfuna, don faifan ya kusa shekara 40 kuma irinsu da yawa sun daina karantuwa. Ya ɗauki fensir, ya ja layi a kan suna ɗaya cikin shidan da ke jikin takardar, a hankali don kar ya danne faifan. Ya mayar da shi cikin rigarsa, ya ce mu sauka ƙasa, shayi ya huce.